Zuciya Ba Ta Jin Ƙamshin Tuffa

Wani ɗan'uwanmu marubuci, ɗan Zangon Kumasi, ya fitar da maƙala kwanakin baya yana roƙon iyaye da malamai su sassauta wa samari a kan shisha da sigarin lantarki da wiwi. Zan kawo hujjarsa da ƙarfinta, don kada a ce na karya mata ƙafa kafin mu shiga fili. A ganinsa abokin gaba ɗaya ne, karan sigari, mai kwaltar da ke cin huhu. Shisha kuwa hayaƙinta ya ratsa ruwa ya wanku. Sigarin lantarki tururi ne ba hayaƙi ba, har wata hukuma a Ingila ta ce illarsa ta gaza ta sigari da kashi 95 cikin 100. Wiwi ganye ne da ke tsirowa daga ƙasa, ga shi ma majalisar dokokin Ghana ta ba da damar nomansa. Ya ƙare da kakanninmu, waɗanda suka ci goro suka shaƙi taba gari suka tsufa tukuf, ya ce mu daina firgita yara da mutuwa.

Malam ya iya alƙalami, wannan ba gardama. Akwai ma inda muka haɗu: bulala da tsinuwa da korar yaro daga gida ba su raba kowa da hayaƙi ba, sai dai su koya masa ɓuya. Amma na bi maƙalar daga kai har wutsiya ban ci karo da zuciya ba. Huhu a farko, huhu a tsakiya, huhu a ƙarshe. Wanda ya auna illar hayaƙi da tari da wari da baƙin leɓe kaɗai, dole shisha mai ƙamshin tuffa ta ci jarrabawa a wurinsa. Ni a kan zuciya zan tsaya, ba ma dukkanta ba, tsarin bugawarta kawai.

Zuciya ɗakuna huɗu ce, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma ba da ka take aiki ba. A saman ɓangaren dama akwai wani ɗan curin ƙwayoyin halitta da ke sakin lantarki sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya ga babban mutum da ke zaune yana hutawa, kusan sau 100,000 ke nan dare da rana. Lantarkin ya bi ɗakunan sama su matse, ya ɗan dakata, sannan ya gangara na ƙasa su tura jini zuwa huhu da sauran jiki. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata suna lugude a turmi ɗaya ya san abin da nake nufi: wata taɓarya na sauka wata na tashi, da ɗaya ta yi gaggawa ko ta makara sai taɓare su gwabza, daka ya ɓaci. Ƙarfin damtse bai wadatar ba, sai lokaci ya daidaita. Idan ɗakunan sama suka bar matsawa suka koma karkarwa, jini kan kwanta a wani lungu ya daskare, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Wannan karkarwa tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5. Idan kuwa na ƙasa ne suka rikice, ba a zancen makonni. Mutum ya yanke jiki ya faɗi, kafin a samo mota rai ya yi halinsa, sai fa in an dace da wanda ya iya danna ƙirji da kuma na'urar da ke farfaɗo da zuciya.

Abin da ke taɓa wannan tsari ba kwalta ba ce. Nikotin ne a kan gaba, shi kuwa ba ruwansa da ƙofar da ya shigo, ko kara ne, ko tukunyar shisha, ko 'yar na'ura mai caji. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya kai ƙwaƙwalwa, ya sa jiki ya saki adirenalin, sinadarin nan da ke kwarara a jini lokacin da mutum ya razana. Bugawa ta ƙaru, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau, tsokar zuciya ta nemi ƙarin iska a daidai lokacin da hanyar kai mata iskar ta ƙuntata. Razana ta gaskiya takan zo ta wuce. Mai hayaƙi kuwa kullum sai ya maimaita wa zuciyarsa ita sau ba adadi, shekara da shekaru, har bangon ɗakunan sama ya fara tabo, tabon nan kuma shi ke karkatar da lantarki daga hanyarsa.

A kan sigari ba mu da saɓani, don haka ba zan daɗe ba. Wani bincike a Amurka da aka buga a 2011 ya bi mutum sama da 15,000 na kimanin shekara 13, ya tarar masu shan sigari sun ninka marasa sha sau 2 wajen kamuwa da karkarwar saman zuciya. Abin da ya kamata ya hana Malam barci shi ne ɗan kaɗan ma bai tsira ba. An bi mata ma'aikatan jinya fiye da 100,000 tsawon shekara 30, sakamakon ya fito a 2012: masu shan kara 1 zuwa 14 a rana sun kusa ninka marasa sha wajen mutuwar fuju'a ta zuciya. A 2018 mujallar likitocin Birtaniya ta tattara bincike masu yawa, ta nuna mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya da mai shan kara 20 ke ɗauke da shi. Cutar dajin huhu takan bi yawan abin da aka zuba. Zuciya tun a kaɗan take fara biya. Duk ginin da aka ɗora a kan "ai wannan ya fi sauƙi" a nan yake fara tsagewa.

To mu je majalisar ataya, wadda samari ke kira bes, a Aboabo ko Asawase ko Sawaba bayan sallar isha'i. Ga kurfoti, ga 'yar buta na tafasa, mai dafawa na ɗaga ta sama yana tsiyayawa don kumfa ya tashi. A gefe ga tukunyar shisha, an cusa mata jiƙaƙƙiyar taba mai danƙo, an rufe da takardar gwangwani an huhhuda, an ɗora garwashi. Bututu na yawo hannu zuwa hannu, awa ɗaya, awa biyu, ana musun Kotoko da King Faisal. In hadari ya sauko sai a shige shago a ja ƙofa, tukunya na ci gaba da gurguɗa. Ruwan da ke gindinta, wanda Malam ya ɗauka wanki yake yi, sanyaya hayaƙi kawai yake, sanyin nan kuma shi ke ba yaro damar zuƙa har ƙasan huhu bai sarƙe ba. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa zaman shisha na awa ɗaya kan sa mutum ya shaƙi hayaƙin da ya kai na kara ɗaya sau 100 zuwa 200. Sannan ga abin da sigari ma bai kai shisha ba: garwashi. Gawayi mai ci yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana riƙe jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Nikotin na tura zuciya ta yi sauri, gawayi na rage mata abin da za ta yi saurin da shi. Jirin nan da ciwon kan da yaro ke ji ya yi dariya ya ce ta kama shi, alamar guba ce a jini. Ruwanda da Kenya sun haramta shisha a 2017, Mali ta bi sahu a 2022. A nan Ghana kuma, binciken da aka yi a kan 'yan makaranta a 2017 ya nuna 'yan mata sun fi samari shanta, wataƙila saboda ita ce hayaƙin da ba ya barin warin da uwa za ta gane a mayafi.

Kashi 95 ɗin nan da Malam ya rataya a wuya, ya kamata a san inda aka haife shi. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ce ta yaɗa shi a 2015, amma tushensa wata takarda ce ta 2014 wadda masana 12 suka sa wa hannu, bayan sun zauna sun ba kowane nau'in taba maki bisa fahimtarsu. Su da kansu sun rubuta cewa ƙwararan hujjoji sun yi ƙaranci, kuma mujallar Lancet ta soki adadin a shekarar da aka yaɗa shi. Ba awon zuciyar kowa aka yi ba.

Zan ba shi abin da yake nasa. Dattijon da ya shekara 30 yana zuƙar kwali guda a rana, ya kasa bari, in ya koma sigarin lantarki gaba ɗaya ya rage wa jikinsa guba mai yawa, kuma bincike ya nuna yana taimaka wa wasu su rabu da kara. Amma wa ke sayen na'urar nan mai ƙamshin mangwaro da na'a-na'a a Kumasi? Ba dattawan ba ne. Yaro ne ɗan shekara 17 da bai taɓa kunna kara ba, don haka babu wata illa da aka rage masa, sabuwa aka ɗora masa. A Ingila doka ta tsayar da nikotin a ruwan na'urar kan kashi 2 cikin 100, kuma tun 1 ga Yunin 2025 sun hana sayar da irin wadda ake sha a yar. Malam ya juya kwalin waɗanda ke yawo a hannun yaranmu, zai ga masu kashi 5. Kara yana da ƙarshe, in ya cinye ka yar da guntu. Wannan kuwa tana aljihu, a kan gado, a bayi, a bayan aji, babu inda za ka ce na sha kaza yau. Wani ƙaramin bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles a 2017 ya tarar zuciyar masu yawan shanta ta karkata ga halin razana ko da suna hutawa, irin karkatar da ake gani ga masu haɗarin ciwon zuciya. A 2022 masana a jami'ar Louisville suka shaƙa wa ɓeraye tururin, suka ga bugawa ta rikice, musamman da mai sanyin na'a-na'a, har ma da wani ruwan da ba nikotin a cikinsa. Ɓeraye ne ba mutane ba, na sani. Amma na'urar kanta a 2003 wani mai haɗa magani ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro ta, yayin da sigari sai da ya shafe shekaru da dama yana kashe mutane kafin likitoci su tabbatar da laifinsa. Wanda ya ba yaro tabbacin lafiya a kan abin da bai cika shekara 25 a duniya ba ya yi alkawarin da ba nasa ba. Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana kuwa ta fito fili a 2023 ta ce sayar da ita da tallarta da shanta don nishaɗi duk sun saɓa wa dokar lafiyar jama'a ta 2012.

Sai wiwi, inda na fi jin haushin maƙalar, don a nan ba zuciya kaɗai aka jefa cikin haɗari ba, har da 'yancin yaro. Dokar da majalisa ta yi a 2020 ta ba da damar noman irin da sinadarin maye na THC a cikinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, don masana'antu da haɗa magani, kuma da lasisi. Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe a 2022 saboda yadda aka shigar da shi, majalisa ta sake dawo da shi a 2023. Irin wannan ganye ko buhu ka ƙona ba za ka bugu ba. Wanda ake naɗewa a lungu daban ne, kuma har gobe laifi ne: an sassauta hukuncin mai sha idan aka kwatanta da dokar 1990, ya koma tara, amma wanda ya kasa biya gidan yari zai kwana. Wanda ya karanta maƙalar Malam ya ɗauka an buɗe ƙofa, ɗan sanda ne zai yi masa gyara.

Batun ganye ne kuwa, ai taba ma ganye ce, zaƙami ma ganye ne. Mai shan wiwi yakan ce yana kwantar masa da hankali, kuma ba ƙarya yake ba a kan abin da yake ji a ka. Ƙirji ne ke ba da wani labari. Cikin 'yan mintoci THC yakan ƙara bugawa da 20 zuwa 50 a minti ɗaya, ya riƙe ta haka har kusan awa 3, jini kuma ya hau a zaune ya faɗi in an miƙe tsaye, shi ya sa wasu ke zubewa. Wani bincike na 2001 a kan mutum kusan 3,900 da jijiyar zuciyarsu ta toshe ya nuna haɗarin toshewar yakan ninka kusan sau 5 a awa ta farko bayan an sha. A Kalifoniya an duba bayanan asibiti na manya fiye da miliyan 23, aka buga a 2022: masu wiwi sun fi sauran kamuwa da karkarwar saman zuciya da kashi 35 cikin 100. Binciken da ya fi dacewa da masu cewa wiwi magani ne shi ne na ƙasar Denmak da ya fito a 2024. Mutane ne masu ciwo mai daɗewa, likita ya rubuta musu wiwi, an auna an tace. Cikin wata 6, mutum 8 a kowane 1,000 sun sami rikicewar bugawa, alhali takwarorinsu da ba a ba su ba 4 ne. Adadin ba shi da yawa, gaskiya ne. Amma ninki 2 ne, a hannun likita, da ma'auni. Na lungu wa ya auna shi?

Kuma duk binciken nan abu ɗaya-ɗaya suke dubawa, yaranmu kuwa ba ɗaya-ɗaya suke sha ba. Ɗan pragya, mai tuƙa babur mai ƙafa uku, da ya fito tun asuba, ko yaron makaniki a Magazin na Suame, ya kora abin sha mai ƙara kuzari da safe, wani ya haɗa da tiramol don ya jure, da dare ga ataya zagaye uku, ga shisha wadda wani lokaci an barbaɗa mata wiwi, barci kuma awa huɗu. Da azumi wasu ko dabino ba su gama taunawa ba sun kunna, jiki a bushe. Abin da ake kira ganye ma ba kullum ganye ne zalla ba. Saliyo sai da ta kafa dokar ta-ɓaci a Afrilun 2024 a kan kush, wanda ganye ne a ido amma an jiƙa shi da sinadaran da aka haɗa a ɗakin gwaji.

A wane jiki duk wannan ke sauka? Wani babban bincike kan shanyewar ɓarin jiki da aka gudanar a asibitocin Ghana da Najeriya, ciki har da Kumasi da Kano da Zariya, ya fito a 2018 ya nuna hawan jini na da hannu a kusan kashi 90 cikin 100 na masu cutar. Mu nawa ne a Zango muka san awon jininmu? Akwai kuma zuciyar da aka haifa da aibu a ɓoye. Raphael Dwamena, ɗan wasan ƙwallon Black Stars ta Ghana, ya faɗi a fili a Albaniya ranar 11 ga Nuwamban 2023 yana da shekara 28. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Liyon a 2003, shi ma yana da 28. Ban ce hayaƙi ne ya kashe su ba, ba shi ba ne, kuma kada wani ya ɗora musu. Abin lura shi ne Dwamena an gano matsalarsa tun 2017, da ƙungiyar Brighton ta yi masa gwaji kafin saye. Ɗan ƙwallon da Turai ke nema ake yi wa irin wannan gwaji. Yaron bes bai taɓa kwanciya an manna masa wayoyin gwajin lantarkin zuciya ba, don haka ba shi ba, ba Malam ba, babu wanda ya san cikin goman da ke zagaya bututu wane ne zuciyarsa ba za ta ɗauki ƙari ba.

Dalilin da ya sa Malam bai ga masu wannan ciwo ba, har ya ɗauka babu su, shi ne ba da sunansa muke kiransa ba. Na san wani saurayi mai koyon walda da ya yi watanni yana cewa gabansa na faɗuwa, ƙirjinsa na fizga, wani lokaci ya ji kamar bugawa ɗaya ta ɓace. Gida aka ce tsoro ne, aka ce iska ce, wata gwaggo ta ce an yi masa hannu saboda maigidansa na yabonsa. Aka yi ruƙiyya, ya sha rubutu. Addu'a ba ta taɓa zama laifi ba, amma ba wanda ya tambaye shi me yake zuƙa, shi kuma kunya ta hana shi faɗa. Sai da wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwa ta kama wuyan hannunsa ta ƙirga, ta ce a tashi a tafi asibiti yanzu. Masu irin wannan da ba su dace da ita ba, su ne ake cewa lafiya lau ya kwanta, ko yana cikin wasa ya faɗi. Washegari a yi jana'iza, ba a buɗe gawa ba, ba a rubuta dalili ba. Tari ana jin sa daga ɗaki na uku. Wannan kuwa mai shi kaɗai ke ji.

Kakanni kuma a bar su su huta. Gaskiya ne goro ne ya kawo su Gwanja da Salaga, daga baya Kumasi, kuma sun ci shi har haƙora suka yi ja. Amma abin da ke cikin goro kafeyin ne, irin na shayi da kofi, kuma bincike bai nuna matsakaicin shansa na haifar da karkarwar zuciya ba. Taba gari kam tana da nikotin, tana kuma ɗaga bugawa, ba ta da wata albarka don kawai tsofaffi ne suka shaƙa. Sannan fatake a ƙafa suke tahowa daga Kano da jakuna, wata da watanni, ba a kan benci suke kwana ba. Mun san waɗanda suka kai 90 ne domin su suka tsaya muka gan su. Waɗanda suka faɗi a hanya suna da shekara 45 ba su zo sun ba mu labari ba.

Ga gwajin da nake roƙon Malam ya yi, ba ya cin ko sidi ɗaya. Ya je bes ɗin da ya fi yarda da shi, ya sa yaro ya zauna minti biyar, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ya ƙirga na minti ɗaya da agogon waya. Bayan an zuƙa na minti goma ya sake ƙirgawa. Sannan ya rubuto mana lambobin biyu a maƙalarsa ta gaba, tare da gyaran abin da ya faɗa a kan doka. In kuma ya ci karo da wanda bugawarsa ke tsalle ba tsari, ko mai jiri, ko ciwon ƙirji, ko wanda ya taɓa suma, kada ya jira maƙala: ya kai shi asibitin Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa a nemi gwajin lantarkin zuciya, wato ECG, ya kuma tsaya a kansa har sai ya faɗa wa likita duk abin da yake sha, da sunansa da yawansa, domin maganin da za a ba shi ya danganta da wannan amsa.